Yadda Ake Haɗa Tankin Murjani a Gida, Daga Huda Gilashi Zuwa Sakin Kifin Farko

Tankina na farko bai cika wata biyu ba aka ɗauke wuta wata rana da tsakar dare. Da asuba na fito zan yi alwala, sai na ji ƙafata cikin ruwa a tsakiyar falo. Ruwan gishiri ne, ya bi layin tayil har ƙarƙashin kujeru. Gilashi bai fashe ba, babu bututun da ya ɓalle. Da famfo ya tsaya, ruwan tankin sama ya juyo ta bututun da ake tura shi, ya cika tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke zaune a ƙarƙashin babban, ya malalo. Wanda ya haɗa min bututun ya sa bawul mai hana ruwa komawa baya, ya ce in kwantar da hankalina. Da na kwance bawul ɗin na iske wata 'yar katantanwa, ba ta kai ƙwayar wake ba, ta maƙale a bakin murfinsa ta hana shi rufuwa.

Tun daga ranar, duk abin da zan ɗaura a jikin tanki sai na yi masa tambaya biyu. In wuta ta ɗauke, ina ruwan nan zai tafi? In wannan ya toshe, ta ina zai bi? A kan waɗannan tambayoyi na gina duk abin da zan faɗa a nan.

Kafin nan, ka san abin da za ka ajiye a ɗakinka. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Na tanki danginsa ne, amma na ruwa mai ɗumi marar zurfi, irin wanda ke gaɓar Bahar Maliya wajen Jidda da Fot Sudan, da na Indonesiya da Ostireliya. Dabba ce mai rai. A cikin namanta akwai ƙananan gansakuka da ido ba ya gani, su ke sarrafa haske su ba ta mafi yawan abincinta. Don haka tana buƙatar haske mai ƙarfi, ruwa mai motsi dare da rana, da gishiri da zafin da ba sa hawa da sauka. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da tsaunukan murjani irin waɗancan, saboda lakar koguna da ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni. Ke nan duk wanda za ka saya daga nesa ya zo, kuma masu ƙashin dutse a cikinsu suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu buƙatar kariya, sai da takarda ake ƙetare iyaka da su. Kuskure a wannan harka yana cin kuɗi, yana kuma cin rai.

Wuta da zafi tukuna

Kada ka sayi gilashi sai ka warware maganar wuta. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi, ruwa mai zafi kuma ya fi saurin rasa ta. In motsi ya tsaya, cikin 'yan awanni za ka ga kifi a sama suna haki. Famfon da ke mayar da ruwa sama da ƙananan fankokin cikin ruwa, in na zamani ne, duka ba su cika wuce wat 60 ba. Ware musu layinsu a kan inbata, ko nasu batir. Batir mai 200Ah zai iya riƙe su kusan awa 15 ba tare da ka zuƙe shi ƙarƙaf ba. Fitila za ta iya jira, murjani yana jure kwana biyu ko uku babu haske, amma ba ya jure tsayawar ruwa.

Zafin da ake so digiri 25 zuwa 26 ne. In ya zauna a 30 kwana da kwanaki, murjani zai kori gansakukan jikinsa ya yi fari fat, irin abin da ya sami babban tsaunin murjani na Ostireliya a 2016. Wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Yamai ya san yadda ɗaki ke zama a watan Afrilu. Fanka da ke busa saman ruwa tana rage digiri biyu ko uku in iska busasshiya ce, amma da damina ta kama ba ta tsinana abin kirki. Ko dai ɗakin ya kasance mai na'urar sanyaya ɗaki da ba ta mutuwa, ko ka sayi injin sanyaya ruwa, ka ajiye shi a wajen kabad ɗin tanki inda zai fitar da zafinsa. Da hunturu kuma sai hita mai wat 200 zuwa 300. In lissafin wutar nan bai fita ba, shawarata ka dakata har ya fita.

A sa na'urar nan mai katse wuta da zarar ta ɗiga, wadda masu wayarin ke kira RCD, mai 30mA. Soket duka su zauna sama da bakin tankin ƙasa, kowace waya kuma ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don in ruwa ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa.

Tanki da teburinsa

Zan yi misali da tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50. Lita 300 ke nan, gilashi mai kaurin milimita 12. Sabon shiga yakan ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi, alhali ƙaramin ruwa shi ya fi saurin yin zafi da saurin canza gishiri. Tankin ƙasa kuwa 80 da 40 da 40 ya isa.

In ka haɗa gilashi da ruwa da dutse da tebur, nauyin ya kusa rabin tan, kamar buhun siminti goma a wuri ɗaya. In mai walda ne zai yi teburin, a shafe shi da fenti mai hana tsatsa sau biyu ko uku, domin gishiri ba ya raga wa ƙarfe. A shimfiɗa filawud mai kauri a sama, a ɗora siririn soso, sannan tanki. Ɗauko ma'aunin lebur na magina ka duba ta tsawo da ta faɗi. Tankin da ya karkata yana ɗora wa kusurwa ɗaya nauyi, wata rana silikon ɗin wajen zai saki. A nesanta shi da taga mai rana, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango.

Silikon ɗin da za a yi aiki da shi ya zama zalla, wanda aka yi don tankin kifi. Na banɗaki da kicin akwai maganin hana fumfuna a ciki, guba ne ga duk abin da ke ruwan. Bayan an gama liƙi a ba shi mako guda.

Huda gilashi

A bayan tanki daga ciki ake liƙa wani siririn akwati, bakinsa na sama da haƙora kamar mataji. Shi nake kira akwatin malala. Ruwan saman tanki, wanda maiƙo da ƙura ke taruwa a kansa, shi ke tsallake haƙoran ya faɗa ciki, daga nan ya gangara ƙasa. Amfaninsa babba shi ne yana yanke iyakar ruwan da zai iya sauka: in famfo ya tsaya, ruwan tanki ba zai wuce gindin haƙoran ba ta wannan hanya. A gindin wannan akwati za a yi huji uku, biyu na sauka, ɗaya na hawa.

Fara sayen mahaɗan da za su ratsa gilashin, waɗanda masu sayarwa ke kira balkhed, irin dai wanda masu aikin famfo ke ɗaurawa a gindin tankin roba. Sai ka auna zarensu ka sayi bakin huda mai garin daimon daidai da su. Kamfani da kamfani sun bambanta, wanda ya huda kafin ya sayi mahaɗi yakan yi da-na-sani.

Ka tabbatar gilashin ba gasasshe ba ne, irin na tagar mota, don wannan da bakin huda ya taɓa shi zai tarwatse kamar tsakuwa. Yadda ake ganewa: sa wayarka a bayan gilashin da farin shafi a buɗe, ka duba ta cikin tabarau mai kashe ƙyalli kana juya shi. In ka ga ɗigo-ɗigo ko layuka masu duhu, gasasshe ne, bar shi.

Tsakanin huji da gefen gilashi, da tsakanin huji da huji, a bar aƙalla faɗin hujin kansa. Huda katako ka manna a matsayin jagora don kada bakin ya zame. Kewaye wurin da yumɓu ka zuba ruwa a ciki, ka liƙa salatif a ɗaya gefen don ya tare ɓallin. Yi aiki da injin huda mai batir, tunda ruwa ne a gabanka. A hankali, ba dannawa, nauyin injin ya wadatar. Za ka ga ruwan ya koma fari kamar nono, ka ji ƙarar tana canzawa in an kusa fita. Nan ne wurin da hannu ke son yin gaggawa, nan ne kuma gilashi ke ɓarewa. In ka samu mai gilashin ya huda maka tun kafin a haɗa tankin, ya fi.

Wajen ɗaura mahaɗin, robar tana zama a ɓangaren kansa mai faɗi, ba ɓangaren noti ba. Goge gilashin tas, ɗaure da hannu, ka ƙara rubu'in juyi kawai. Ba a shafa masa silikon. Ɗaurin ƙarfi da sifana shi ke tsaga noti ko ya murɗe robar, sai ka ga ɗiga bayan wata guda.

Bututun sauka, inda aikin yake

Bututu ɗaya tak na sauka shi ne tsarin da ya fi sauƙi, shi ne kuma ba zan ba kowa shawararsa ba. Yana haɗiyar iska da ruwa tare, yana ƙara kamar ana kurkure baki, kuma ranar da katantanwa ko gansakuka suka toshe shi, famfo zai ci gaba da turo ruwa har tanki ya malalo ta sama. Tsarin bututu biyu, wanda masu kiwon murjani a Amurka suka sa wa suna Herbie, shi nake amfani da shi. Akwai mai bututu uku da ake kira BeanAnimal, ya fi tsaro, amma ga tanki mai lita 300 biyu sun isa in an yi su daidai.

Bututu na farko shi ne mai aiki. Yana zuƙo ruwa ne kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo: in babu iska ko kaɗan a cikinsa, ruwan yana sauka da ƙarfi kuma shiru. Yi shi da fayif mai milimita 25, wato wanda a kasuwar fayif ake kira kashi uku cikin huɗu na inci. Bakinsa na sama ya zauna kamar santimita 15 ƙasa da saman ruwan akwatin, don kada ya jawo iska, a sa masa ragar roba. A ƙasa, kusa da tankin ƙasa, a ɗaura masa bawul mai murɗawa kamar kan famfo, wanda ake kira get-bawul. Mai hannu ɗin nan da ake juyawa sau ɗaya ba ya ba da ƙaramin saiti, taɓi kaɗan sai ya wuce. Ƙarshen bututun ya nutse santimita 2 zuwa 3 kawai cikin ruwan tankin ƙasa. In ya yi zurfi, iskar da ta shiga lokacin ɗaukewar wuta ba za ta iya fita ba in wuta ta dawo, zuƙon ba zai kama ba. Kuma kada ka kwantar da shi a miƙe kamar layin dogo, duk inda zai lanƙwasa yi amfani da gwiwa mai digiri 45 don ya riƙa gangara.

Na biyu shi ne na ko-ta-kwana. Milimita 32, wato wanda ake kira inci ɗaya, ya fi na farko faɗi da gangan. Bakinsa a buɗe, yana ɗan ƙasa da gindin haƙoran akwatin da santimita ɗaya ko biyu. Wannan bututu ba a sa masa bawul, har abada. Ƙarshensa kuma a bar shi sama da ruwan tankin ƙasa, don ranar da ya fara ɗaukar ruwa ka ji ƙarar zuba tun daga ɗakin kwana, ka san na farko ya toshe. Ka yi wa akwatin malala murfi baƙi, zai hana katantanwa shiga, zai hana gansakuka tsirowa.

Komai ya zama PVC na ruwan sha mai jure matsi. Jan ƙarfe da tagulla ko kusa kada su zo, ɗan abin da ke narkewa daga jikinsu ya isa ya kashe murjani da jatan lande da katantanwa. Wannan sai ka tsaya a kan mai aikin famfo, domin hannunsa ya saba ɗauko bawul na tagulla, a aikin gida shi ne mai kyau. Ko maɗaurin tiyo na ƙarfe kada a sa a cikin ruwa, akwai na roba.

Ƙarƙashin kowane balkhed, da gaba da bayan bawul, da bakin famfo, sa mahaɗi mai zare da ake kwancewa da hannu, yuniyon. Suna ƙara kuɗi, amma wata rana dole ka cire famfo ka wanke, ba ka so a ce sai da zarto.

Fara jera komai babu gam, ka ja layi da maka a kan kowane haɗi don ka san inda zai fuskanta. Ka tuna busasshen fayif ba ya shiga har ƙarshe, in an shafa gam yakan ƙara nutsewa, don haka auna zurfin mahaɗin ka yanka da lissafinsa. Goge bakin yanka da samfefa, share ƙura, shafa gam ciki da waje, tura da ɗan murɗawa, riƙe daƙiƙa 30. Buɗe tagogi, warin gam ɗin yana hawa kai. A bar shi awa 24. Bututun da ke tsaye cikin akwatin malala su kam ba a sa musu gam, cusa su kawai ake yi, don ka iya rage tsawonsu daga baya. Sai ka kafe bututun waje a jikin tebur da maƙalai, kada nauyinsu ya rataya a wuyan gilashi.

Bututun hawa da lissafin ruwan da zai dawo

Ruwan da ke zagayawa tsakanin sama da ƙasa ya kai ninki uku zuwa biyar na tankin a awa, wato lita 900 zuwa 1,500. Adadin da aka rubuta a kwalin famfo na ruwan da bai hau ko'ina ba ne. Naka zai hau fiye da mita ɗaya ya bi gwiwoyi, don haka sayi mai 2,500 ko 3,000 wanda ake rage masa gudu. Tsakaninsa da fayif sa guntun tiyo mai laushi, zai shanye rawar injin.

Ga abin da ya jiƙa min falo. In famfo ya tsaya, bututun hawa yakan juye ya zama mai zuƙo, zai ta janyo ruwa har sai bakinsa ya sha iska. In bakin yana santimita 10 a cikin ruwa, santimita 10 na tankinka za su sauko. Maganin ba bawul ba ne. Ɗaga bakin ya zauna santimita 2 kacal ƙarƙashin ruwa, sannan ka bar wa tankin ƙasa wurin da zai karɓi duk abin da zai dawo.

Lissafin ba wuya. Saman tankinmu 120 sau 50 ne, kowane santimita ɗaya lita 6 ke nan. In ya sauka santimita 3, lita 18. Ƙara na akwatin malala kamar lita 5, da na cikin bututu da injin kumfa, wanda bayaninsa ke tafe. A ce lita 30. Tankin ƙasa kuwa kowane santimita lita 3.2 ne. In ruwansa na aiki yana santimita 22, saura 18 a sama, sun haura lita 55. Ya isa har da rara. Wannan fili da ido ke gani kamar asara, kada ka yarda kowa ya cika maka shi.

Tankin ƙasa a raba shi uku da gilashi. Ɗakin farko inda ruwa ke sauka ya bi ta safar tacewa. Na biyu na injin kumfa, wanda ke kaɗa iska cikin ruwa ya tattaro ƙazanta a kofi, baƙa mai wari kamar ruwan kwata. Shi yana son zurfin da ba ya canzawa, tsayin gilashin rabon shi ke tsayar masa da shi. Sai gilasai biyu ko uku a jere, ruwa ya bi sama ya bi ƙasa don ƙananan kumfa su fashe. Na ƙarshe ɗakin famfo, a yi shi ƙarami, ta yadda ko da bututun sauka biyun sun toshe, ruwan ɗakin zai ƙare kafin tankin sama ya cika. A wannan ɗaki kaɗai ake ganin ruwan da ya ƙafe. Abin da ke ƙafewa ruwa ne zalla, gishirin yana nan, saboda haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa. Da hunturu sai ka ga lita huɗu ko biyar sun tafi a yini. Akwai 'yar na'ura mai cikawa da kanta, tana da amfani sosai, amma jarkar da take sha kada ta wuce lita 15 zuwa 20, don in ta maƙale ɓarnar ta zo da sauƙi.

Gwaji da ruwan famfo

Kada gishiri ya shiga tukuna. Cika da ruwan famfo, shimfiɗa jarida a ƙarƙashin kowane haɗi, ɗigo ɗaya zai nuna. Buɗe bawul gaba ɗaya ka kunna famfo. Za ka ji ƙara da ɓulɓuli. Riƙa murɗa bawul kaɗan-kaɗan, kana jira minti biyu ko uku bayan kowane taɓi, har ruwan akwatin ya hau ya tsaya daidai leɓen bututun ko-ta-kwana, yana ɗan lasarsa. A lokacin za ka ji ɗakin ya yi tsit, sai ɗan gunjin famfo.

Yanzu kashe komai daga soket, ka zauna ka kalli tankin ƙasa har ruwa ya daina hawa. Ja layi a wurin. Kunna, ka ga ko zuƙon zai kama da kansa cikin 'yan mintuna ba tare da ka taɓa bawul ba. Maimaita sau biyar, domin wutarmu ba sau ɗaya take ɗaukewa a yini ba. Sannan rufe bawul ruf, kamar bututun ya toshe, ka ga ko na biyu zai ɗauke ruwan duka. In saman tanki ya ci gaba da hawa, rage gudun famfo. Bar shi yana aiki kwana biyu, sannan ka zubar.

Ruwa, gishiri, dutse

Ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo, ko da yana da daɗin sha, yana ɗauke da abubuwan da ke ciyar da gansakuka, wani lokaci har da ƙarfe. Ana bi da shi ta matatar RO, mai tace ruwa da matsi, da ƙarin gwangwanin DI mai kwashe ragowar sinadarai, har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke cikin ruwa, ya nuna sifili ko ɗaya. Matatar tana son matsi kamar bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne), tankin da ke kan rufin gida kuwa mita goma yake buƙata kafin ya ba da bar ɗaya, don haka sai da ɗan famfon ƙara matsi. Ruwan da take zubarwa ya fi wanda take tacewa yawa, tara shi a duro don wanki da ban ruwan shuka.

Gishirin girki ba ya yi, balle kanwa ko manda. Akwai gishirin da aka haɗa don wannan aiki, irin su Red Sea, Tropic Marin da Instant Ocean. Kusan giram 35 zuwa 38 a kowace lita, amma ma'auni ne alƙali: rifraktomita, wato na'urar auna gishirin ruwa, ya nuna 35, ko 1.026. Gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba.

Dutsen ya zama na murjani busasshe, mai huji-huji marar nauyi, kamar kilo ɗaya ga kowace lita goma. A kan gilashi ake kafa shi, sannan a zuba yashin aragonait, mai sinadari irin na ƙashin murjani, santimita 2 zuwa 3 a kewaye. In ka ɗora dutse a kan yashi, kifi mai tono zai rushe maka gini. Bar tazara tsakanin dutse da gilashi ta yadda hannu zai wuce. Fankoki biyu na cikin ruwa su fuskanci juna, jimillarsu ta kai ninki 20 na tankin a awa ko fiye.

Daga nan sai jira. Kashin kifi yana zama amoniya, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ke mayar da ita naitirait, wasu su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa, kuma a jikin dutse da yashi suke zama. Kafin su yawaita sai mako huɗu zuwa shida. Ciyar da su da ɗigon amoniya har kayan awon amoniya su nuna 2, ko ka jefa ɗanyen jatan lande guda ya ruɓe. Fitila a kashe. Duk bayan kwana biyu ko uku ka auna. Ranar da ka sa amoniya, washegari ka ga ita da naitirait duk sun koma sifili, tanki ya nuna. Canza rubu'in ruwan.

Masu rai

Fara da kifi biyu, irin mai ruwan lemo da fararen zobba uku, Amphiprion ocellaris, waɗanda aka haifa a gona ba kamun teku ba. Duk sabon kifi ya yi wata guda a wani ƙaramin tanki daban. Akwai cutar fararen ɗigo da ke bin kifin teku, maganinta jan ƙarfe ne, wanda ba shi da halin shiga tankin murjani. In ta shiga babban tanki sai ka kwashe kifin duka ka bar shi babu kifi fiye da wata biyu.

Da ka fara kunna fitila, awa takwas a yini, wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi. Kowane sabon tanki yana yin haka, tana wucewa. Sa 'yan katantanwa irin Trochus su yi kiwo. Bayan wata biyu ko uku sai murjani masu laushi: mai kama da laimar kwaɗi, da Sarcophyton, da Zoanthus. Wannan na ƙarshe da ɗan'uwansa Palythoa wasunsu na ɗauke da dafi mai tsanani. Safar hannu da tabarau kafin ka taɓa, kada ka kankare dutsensu a bushe, kada ka taɓa zuba masa tafasasshen ruwa, tururin yana kwantar da mutanen gida. Ajiye sabon murjani a ƙasa tukuna, bayan mako biyu ka matsar da shi sama. Ranar farko zai dunƙule kamar ƙulli. Kwana biyu ko uku, da safe, sai ka ga bakunan sun buɗe ɗaya bayan ɗaya, kore da ruwan goro, gashinsu na kaɗawa da ruwa.

Masu ƙashin dutse su jira wata shida, lokacin da ka saba auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, ya zauna tsakanin 7 da 9, kalsiyam 400 zuwa 450, maganiziyam wajen 1,300.

Abu ɗaya da ya shafi gidajenmu: maganin sauro na fesawa da na kunnawa yana kashe kifi da jatan lande ko da kaɗan ne, injin kumfa kuma iskar ɗakin yake zuƙa ya kaɗa cikin ruwa. Ka yi magana da uwargida da yara tun kafin a zuba ruwa, ɗakin tanki ba a fesa masa magani. In za a yi turaren wuta, a kashe injin kumfa a buɗe taga. Hannun da ke da man shafawa ko sabulu ba ya shiga ruwa.

Kowane mako canza kashi goma cikin ɗari na ruwan, wanke safar tacewa duk kwana uku, zubar da kofin injin kumfa. Farkon kowane wata kuma ka sake gwajin ɗauke wuta da hannunka, da rana, kana tsaye. Bakin bututun hawa yakan sunkuya in hannu ya buge shi wajen goge gilashi, santimita biyu su zama biyar ba ka lura ba. Kashe soket, haska tocila a jikin tankin ƙasa, ka ga ruwan ya tsaya a layin da ka ja. In ya wuce shi ko da faɗin yatsa ne, ɗaga bakin bututun ka sake gwadawa kafin dare ya yi.